Haɗejia: Tabo Biyu da Yaƙin Cacar Baka Ya Bari

Duk wadda ta taso daga Kano da kaka ta nufi Haɗejia, da ta wuce Gujungu za ta ga ƙasa ta shimfiɗe, shinkafa ta sunkuyar da kai a fadama. A cikin gari kuma ƙamshin bandar kifi ne zai tarbe ta. Ba za ki taɓa zaton rigimar Amurka da Tarayyar Sobiyet ta iso nan ba. Ta iso kuwa, ta bar tabo biyu.

Na farko yana jikin kogi. Bayan 1945, 'yan jari-hujja da 'yan gurguzu kowa na neman jan sababbin ƙasashe zuwa ɓangarensa, kuma babbar madatsar ruwa ta zama abin gwada ƙwanji. Da Amurka ta janye daga tallafa wa madatsar Aswan ta Masar a 1956, sai Sobiyet ta shigo, aka kammala ta a 1970. Wannan yayi ya iso ƙasarmu. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, ta fara aiki a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Waɗannan koguna biyu su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejia.

An samu noman rani da ruwan sha, wannan gaskiya ne. Amma a da kogin yakan cika da damina ya janye da rani, manomi da masunci da makiyayi kowa ya san lokacinsa. Yanzu ruwa na kwanciya duk shekara a wasu wurare, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa. Idan kika gangara wajen Kirikasamma da dausayin Baturiya, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu, za ki ga ta fi mutum tsawo. Mu ma'aikatan jinya mun san abin da kwantaccen ruwa ke haifarwa: zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Yaron da ke fitsarin jini ba girma ya zo masa ba, cuta ce mai magani, a kai shi asibiti.

Tabo na biyu yana dantsen kakanninmu: lambar rigakafin agana, wadda ta bambanta da ta BCG da jariranmu ke samu yau. A 1958 wani jami'in lafiya na Sobiyet, Viktor Zhdanov, ya nemi Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawar da agana baki ɗaya. Sobiyet ta ba da allurai masu ɗimbin yawa, Amurka kuma ta ɗauki nauyin aikin a Afirka ta Yamma, har da rigakafin ƙyanda. Agana ta ƙare a Najeriya a 1970, aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Ɗigon shan inna ma haka: Ba'amurke Albert Sabin ya haɗa shi, a Sobiyet aka ba miliyoyin yara a 1959.

Jihar Jigawa ta samu a 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Masu gasar sun tafi, kacala tana nan, ambaliya irin ta 2022 tana cin gonaki da gidaje. Amma abin da suka haɗa hannu a kai shi ya tsare ran yara.

Idan Allah ya kai ki Haɗejia, ki sayi kifi, ki zauna da wata tsohuwa ta ba ki labarin yadda agana ke makantar da yara a zamaninsu. In kin koma gida, ki duba katin rigakafin ɗanki.