Jinin Da Na Raina

Ya ku 'yan makaranta, ku kawo kunne in ba ku labarin abin da ya same ni, ni da na yi shekara talatin gaban allo ina koya wa irinku lissafi.

Sa'ad da muke yara, in damina ta sauka ba mu da wurin wasa sai kududdufin bayan gari. Kusan dukanmu muna fitsarin jini, ba kuwa wanda ya damu, har manyan yara su kan ce mana ai alamar balaga ce. Ashe tsargiya ce. Wata tsutsa ke kawo ta. 'Ya'yanta suna girma cikin dodon koɗi, su fito su huda fatar mai wanka, su tafi jijiyoyin mafitsara su zauna suna zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, wai shi Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851. In ƙwan nan ya yi shekara da shekaru yana cin bangon mafitsara, ya kan jawo ciwon daji. Ni ban san haka ba sai da furfura ta rufe mini kai.

Cikin 2022 jinin ya komo. Na ce tsohon abokina ne na kududdufi, na yi shiru har wata biyar. Ran nan uwargida tana wanki, sai ta zo ta tsaya bisa kaina da wando a hannu, ta ce, "Malam, tun yaushe?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Gobe sai Zariya, ko da ƙafa ne."

A asibiti aka zura mini wani siririn bututu mai fitila aka duba ciki, aka yanki 'yar tsoka aka kai ɗakin gwaji. Da muka koma, likita, yaro ne sa'an ɗana na fari, ya ja kujera kusa da ni, ya ce, "Baba, daji ne, kuma ya shiga naman mafitsara. Sai mun cire ta duka, ka riƙa ɗaura 'yar jaka a ciki, fitsari na zuba a nan."

Na ambaci Allah, na yi masa godiya. Mutuwa dai ba ta ba ni tsoro ƙwarai ba, gama na binne uwa da uba, na san hanyar kowa ce. Abin da ya tsaya mini a rai jakar nan ce. Yaya mutum zai tsaya gaban Ubangijinsa da najasa rataye a jiki? Na ce a bar ni in koma gida, na yarda da ƙaddara, har ina jin kaina wani babban mai tawakkali.

To, yayana, wanda ke da shekara kusan tamanin, bai yi gardama da ni ba. Bayan sallar isha sai ga shi ya sallamo da limamin unguwarmu. Liman ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce ai malamai sun daɗe da yin bayanin mai yoyon fitsari, wanda ba ya iya riƙewa: abin da ke fita ba da ikonsa ba ba ya hana shi salla, sai ya tsabtace iyakar iyawarsa ya yi alwala. Yaya ya dube ni ya ce, "Kai dai kunya ce ke damunka, ka sa mata rawani ka kira ta tawakkali." Kai, maganar ta yi zafi! Amma gaskiya ce. Ban yi barci ba daren nan, da asuba na ce a shirya mota.

Kuɗin aiki ya fi ƙarfina nesa. Uwargida ta sayar da tumakinta, Yaya ya jinginar da gona, tsofaffin almajiraina kuwa, har da waɗanda na sha zane wa saboda jadawalin tara, suka yi karo-karo ba da sanina ba. Aka yi aiki, aka bi da ruwan magani mai zubar da gashi da kashe bakin mutum. 'Yata ta auta ita ta koyi canza jakar wajen ma'aikatan jinya, ta koya mini, tana cewa, "Baba, a hankali," kamar yadda na kan ce mata sa'ad da take koyon rubutu.

Likita bai yi mini alkawarin warkewa ba, ni ma ban roƙe shi ba. Lokaci-lokaci ina komawa a duba ni, in an ce lafiya in gode wa Allah, in dawo in ci tuwona. Ina salla a sahun farko da jakata ƙarƙashin riga.

Ran nan jikana ya dawo daga makaranta ya ce an tsai da su jikin sanda an auna tsayinsu, an ba kowa ƙwayar maganin tsargiya gwargwadon tsawonsa, wai tana da ɗaci, waɗansu yara sun tofar. Na ce, "Kai fa?" Ya ce ya haɗiye. Na ce ya matso ya buɗe baki in gani.