Gayyar Gyaran Hanya a Duwatsun Shere

Duk wanda ya tsaya a Jos da sassafe ya dubi gabas zai hango duwatsun Shere sun yi jerin gwano, hazo ya lulluɓe kawunansu. Ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829 daga doron teku, kuma ita ce mafi tsawo a tudun Filato. Can na nufa wata Asabar a ƙarshen damina, domin amsa gayyar wata ƙungiyar matasa masu hawan duwatsu da keke. Sharaɗinsu ɗaya ne: kowa ya bar kekensa a gida, ya zo da fartanya, diga ko adda.

Gayyar tana da dalili. Siririyar hanyar da suke gangarowa a kanta ta girmi kakanninsu. Manoma ne da mata masu ɗaukar itace suka fitar da ita da tafin ƙafa. Mai keke kuwa idan ya danne birki a gangare, tayar baya takan ja ƙasa ta bar tsagi. Ruwan Agusta ya samu wannan tsagi ya bi, ya yi ta ci har wurin ya zama kwazazzabo. Da wata baiwar Allah ta zame a ciki da kaya a ka, sai dattawan ƙauyen suka aiko da magana a taƙaice: ko a gyara, ko a daina bi.

Ni da na isa, na ɗauka aikin cike rami ne. Na fara zuba ƙasa ke nan jagoranmu ya tsayar da ni. Ya ce ƙasar da aka zuba a bakin ruwa kyauta ce aka ba rafi. Abin da ake nema shi ne a raba ruwa da hanya tun bai yi ƙarfi ba. Saboda haka muka riƙa yanka 'yar magudana a karkace bayan kowane 'yan taku, muna ɗan kishingiɗar da doron hanyar zuwa ɓangaren kwari. Inda ta miƙe sambal daga sama zuwa ƙasa, muka lanƙwasa ta ta bi gefen tudu, muka toshe tsohuwar da duwatsu da rassa.

Wajen jera duwatsun ne muka sha kunya. Wani tsoho da ke duba gonarsa ta acca ya daɗe yana kallonmu kafin ya matso.

"Sannunku da aiki, samari. Wannan jeri naku ba zai ga ruwa biyu ba."

"To Baba, yaya za a yi?"

Ya karɓi diga, ya haƙa gurbi, ya binne fiye da rabin dutsen, ya cusa ƙanana a tsakani, sannan ya hau ya yi tsalle a kai. Ko motsi bai yi ba. Haka aka tare ƙasar gonarsa tun zamanin mahaifinsa, in ji shi. Ilimin da matasan suka yi ta nema a intanet ashe yana nan a gefen hanya, riƙe da sanda.

Kafin la'asar hannuwana sun yi bororo, abin da muka gyara kuma bai taka kara ya karya ba. Amma na sauko da tunanin lambatun unguwarmu, wanda kowa ke zuba wa shara yana jiran hukuma. Hanya ba ta da maigida, shi ya sa take mutuwa a hannun masu binta. Kakanninmu sun san maganin wannan, suka kira shi gayya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattawan sun amince a ci gaba da bi. Mu kuma mun yi alkawarin komawa bayan ruwan farko na Afrilu, mu kwashe yashin da zai cike magudanun. Tsohon ya ce zai jira mu a bakin gonarsa.