Hannun mai kwaikwayo

A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai ɗan ƙaramin zanen da Johannes Vermeer ya yi wajajen 1658: wata 'yar aiki tsaye gefen taga tana tsiyayar madara daga tulu. Masu koyon zane da fentin mai sun daɗe suna kwaikwayonsa, don a nan ido ke gane cewa farin bangon nan ba zallan fari ba ne, akwai rawaya da toka-toka a ciki, har da ramin ƙusa. Fentin kuma ba ya son gaggawa, sai shafin farko ya bushe, ko da kwanaki ne, kafin a ɗora na biyu. Wasu za su ce mai kwaikwayo bawan hannun wani ne, ai gudun bin Turawa ido rufe ya sa su Uche Okeke da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958. Haka ne, sai dai ba su yar da burushin ba, dabarar suka juyo da ita kan abin gida. Almajiri ma da rubutun malaminsa yake fara gyara hannu a allo, amma daga baya a gane hannunsa daban. Haka ma in ɗalibai goma suka kwafi zanen nan na Vermeer, wani shuɗinsa ya yi nauyi, wani ya ƙara wa matar shekaru bai sani ba.