Kisan Dambe Da Kisan Sega

DUK wanda ya tashi a birnin Katsina a ƙarshen shekarun 1990, in dai ma'abocin fim ɗin Canis ne, da wuya a ce bai taɓa leƙa shagon gem ba. Talabijin ɗaya a kan tebur, baƙar Sega a gabanta, fad guda biyu, yara kuwa sun fi ashirin. Ƙa'idar wurin ba ta da tsawo: wanda aka ci shi ne zai biya, ya tashi ya ba wani. Kaset ɗin da ake rububi kuwa Mortal Kombat ne.

Asalin wasan ba na gida ba ne. Kamfanin Midway na birnin Cikago a Amurka ne ya fito da shi a 1992, a cikin wani dogon inji da ake jefa wa sulalla a buga a tsaye. Sai ranar 13 ga Satumba, 1993 aka saki na gida, na Sega da na Nintendo. Su yaran Katsina ina ruwansu da wani inji? A wurinsu na Sega shi ne na ainihi.

Abin da ya ja 'yan kallo shi ne, 'yan wasan ciki ba zane ba ne. Mutane ne na gaske aka ɗauka da kyamara suna naushi da shuri, aka zuba hotunansu a kwamfuta. Johnny Cage kwaikwayon Van Damme ne, Liu Kang kuma ko makaho ya ji ihunsa ya san Bruce Lee ake nufi. Ga Goro, bos mai hannu huɗu. Wato ektan da ka saba kallo ka yi ta yi masa ihu ya waiwaya, yau ga shi a tafin hannunka.

Sai maganar jini. Nintendo sun ji tsoron iyaye, suka mayar da jinin ya zama gumi. A na Sega kuwa ɓoye shi aka yi: in ka danna A, B, A, C, A, B, B kafin a fara, sai komai ya dawo, har da mummunan kisan ƙarshe da yara ke kira "finishin". Kan irin wannan ne Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a Disambar 1993, shekara na zagayowa aka kafa hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru. Ka ga ashe rigimar tace finafinai ba a Kano aka fara ta ba.

To, akwai wani yaro a wajen Ƙofar Marusa, ɗan aji biyu a ƙaramar sakandare, siriri, mai in'ina, wanda ko a ƙwallon layi gola ake ajiye shi. Wansa da ke fatauci Maraɗi ta hanyar Jibiya ya kawo masa Sega ta hannu, haruffan nan bakwai a rubuce a bayan kwalin. Cikin wata biyu ya gagari shagon unguwarsu. In ya ɗauki Sub-Zero, mai daskarar da mutum ya zama ƙanƙara, sai ya wuni bai fitar da ko sisi ba. Waɗanda ke kwaikwayon maganarsa jiya su ne ke riƙe masa takalmi don ya koya masu dannawa. Allah sarki, wannan ne karo na farko da aka taɓa matsa masa wurin zama.

Mahaifinsa mutum ne mai son dambe, ba ya bari ya wuce shi in kaka ta yi. Wata rana bayan La'asar ya tarar da yaron da ƙanensa suna bugawa a zaure, ya tsaya, har yana gyaɗa kai in naushi ya shiga. Can abokin karawa ya tsaya yana layi, ƙarfi ya ƙare. Yaro ya ga dama ta samu ta burge Baba. Ya danna. Sub-Zero ya fizge kan mutumin har da ƙashin baya, ya ɗaga sama.

Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, mi ya yi maka?"

"Ba... Baba, ai haka ake ci."

"A dambe ma kisa muke cewa. Amma da gwiwa ta taɓa ƙasa an gama, kai za ka kama hannunshi ka tashe shi. Wanga da ya riga ya kasa fa?"

Bai ƙwace Segar ba, bai yi duka ba, ya saka takalminsa ya fita. Yaron ya so a ce dukan aka yi, don shi ya san yadda ake warkewa daga bulala.

Matsalar ita ce, finishin ɗin nan shi ne duk martabarsa a shago. Ci kowa na yi. Cire kai ne sai gwani. Da ya koma ya ci wani ƙato, murya ta ba shi umarnin ƙarasawa, yara suka miƙe tsaye suna jira. Ya ƙi dannawa. Mutumin ya yi layinsa ya faɗi da kansa. Aka yi masa ihu, wani ya ce ya manta ne, wani ya ce dama sa'a ce. Bai iya bayani ba, in'ina ba ta bari.

Ya ci gaba da cin su har aka fara yayin PlayStation, shagon ya sayar da Segarsa. Sai dai masu riƙe takalmin sun koma wurin wani yaro daga Rafindaɗi, wanda shi ba ya barin kai a wuya.