Kason Matazu a Rabon Adireshin Intanet

A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin sada sakatariyoyin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya da intanet, ta hannun Galaxy Backbone da NIGCOMSAT. Duk lokacin da aka yi zancen kai wannan aiki gari irin Matazu, hankali yakan tafi ga waya da wutar lantarki da kuɗin kula da kayan aiki. Sai dai akwai wani rabo da ido ba ya gani, wanda ake yankewa tun kafin a haƙa ramin farko, wato rabon adireshi.

Kowace na'ura da ke aika saƙo a intanet tana buƙatar lambar da za a mayar mata da amsa. Tsarin IPv4, wanda aka rubuta ƙa'idarsa a 1981, adireshi kimanin biliyan 4.3 kawai yake da su, alhali mutanen duniya sun haura biliyan 8. Waɗanda suka yi sammako sun kwashi gara: kamfanonin Ford da Apple a Amurka kowanne ya samu adireshi miliyan 16.7. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke rumbunta ga cibiyoyin yankuna biyar. Ta Afirka, AFRINIC, da ke tsibirin Morishiyos, ita ce autarsu, domin sai a 2005 ta samu cikakken izini. Tun Janairun 2020 ba ta ba mai nema fiye da adireshi 1,024 a karo ɗaya. Rikicinta da kamfanin Cloud Innovation kan adireshi sama da miliyan 6 ya kai ga kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023.

Dabarar da ta ceci duniya daga wannan ƙaranci, wadda masana ke kira NAT, ta yi kama da zaure. Babban gida yana iya ƙunsar ɗakuna arba'in, amma baƙo ƙofa ɗaya ya sani. A nan yake sallama, na cikin zaure ya kai saƙo ɗakin da ya dace. Haka ofis yake ɓoye kwamfutoci ɗari a bayan adireshin waje guda, yana ba su lambobin cikin gida. Tun 1994 aka ware irin waɗannan lambobi domin kowa ya yi amfani da su kyauta, kuma mafi girman rukuninsu, wanda ke farawa da 10, ya ƙunshi miliyan 16.7.

Matsala tana tasowa ne ranar da aka rushe katangar da ke tsakanin gidaje. Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006, aikinsa ke nan: ɗora ma'aikatu da hukumomi a kan hanyar sadarwa guda. Idan wani asibiti a Malumfashi da wani ofishin kuɗi a Funtua kowanne ya zaɓi lambobinsa shi kaɗai, ba abin mamaki ba ne a tarar lambobin iri ɗaya ne. Da zarar an haɗa su, saƙo ya rasa ɗakin da zai shiga. Dole ɗaya ya sauya lambobin na'urorinsa kaf, kuma ba a cika tilasta wa babba ba.

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna haɗarin. Idan aka ba duk ma'aikatar da ta nema kaso mai adireshi 65,536 daga rukunin 10, masu nema 256 ne kawai za su samu, rumbu ya ƙare kafin a kai ga sulusin ƙananan hukumomin ƙasar. Idan kuwa aka yanka kason zuwa 4,096, kowace ƙaramar hukuma za ta samu nata, a bar kaso 3,322 ga ma'aikatu da sauran hukumomi. Rumbun ɗaya ne, mudun awo ne ya bambanta.

Manomin wannan yanki ya san yadda rabon takin gwamnati ke kasancewa idan babu rajista: na kusa da tukunya ya ƙoshi, na nesa ya ji labari. Adireshi ma haka ne. Ofisoshin Abuja da Katsina su ake fara haɗawa, su ke da injiniyoyin da za su nemi kaso mai tsoka. Asibitin karkara a Matazu ba shi da wakili a wannan zama. Sakamakon yakan zama cunkusa ofisoshi da yawa a bayan adireshin waje guda, ta yadda idan kwamfuta ɗaya ta kamu da cuta aka toshe adireshin, kowa ya shiga duhu, kuma gano mai laifin ya yi wuya.

Abin da ya kamata bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. A samu rajista guda da ke nuna wa ke riƙe da me. A ba kowa gwargwadon na'urorin da ya nuna yana da su, a karɓe abin da aka bari ba amfani. A ware wa dukkan ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina kasonsu a rubuce tun yau, ko da waya ba ta iso ba. Sannan a gindaya sharaɗi cewa duk na'urar da za a saya da kuɗin jama'a ta iya aiki da sabon tsarin IPv6, wanda kaso ɗaya da ake ba mai samar da intanet a cikinsa zai wadatar da ofisoshi 65,536, kowanne da yalwarsa.

Tsohon tsari zai ci gaba da aiki shekaru masu yawa, saboda haka rabonsa na nan da nauyinsa. Shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisar da ke bibiyar isowar intanet Matazu yana da tambaya ɗaya da ya cancanci ya ƙara a takardarsa: wane kaso aka rubuta da sunanmu, kuma rajistar tana hannun wa?