Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan uwana mata, sau da yawa kuɗin adashinmu a atamfa da anko yake ƙarewa, alhali ga tsofaffin gidaje nan suna zubewa. Ni dai kwasata ta farko, na haɗa da kuɗin tumakin da na kiwata, na sayi kango a garinmu Gummi. Maigida ya tsaya mini aka yi ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, bayan magada duka sun sa hannu. Gidan gado in mutum ɗaya bai yarda ba, ƙarshenta gaban alƙali.

Magini ya sake azara, ya yi yaɓe, aka gyara zaure da indararo kafin damina. Da na sayar, uwa da riba na haɗa na sayi na biyu a Anka, ban ci bashin kowa ba.

Sai dai fa a Anka da Bukkuyum akwai tambayar da ta fi ta farashi: shin an taɓa daka dutsen zinare a gidan? A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Bagega da 'Yargalma, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Fenti ba ya kawar da guba, kuma ɗan wata ne zai yi rarrafe a tsakar gidan nan.

Don haka 'yar uwa, ki bincika kafin ki saya, ki faɗi gaskiya in za ki sayar. Allah Ya ba mu halaliyarmu, amin.