Fuskar da ke Jikin Kwali

A kasuwar Dakoro, babu hoton da ya kai fuskar da ke jikin kwalin man shafawa yawa: mace fara sol, gashi kamar siliki, a ƙarƙashinta an rubuta alkawarin haske da Faransanci. Ni da nake koyar da wannan harshe, na san cewa kalmomin ba su da wuya. Hoton ne ke yin babban aikin. Yana gaya wa yarinya cewa fatar da Allah ya ba ta aibi ce, maganinta kuma na sayarwa ne. Ina ganin sakamakon a aji, a gaɓoɓin yatsun ƴan mata da suka yi baƙi ƙirin alhali sauran hannun ya yi ja.

Wa'azi bai hana su ba, sai na koma ga almakashi. Mukan tara kwalayen da aka yar, mu yanke rubutun, mu manna fuskokin da ƙaro a kan takardar buhun siminti, sannan ɗalibai su mayar musu da launi da lalle da gawayi, su zana musu kwalli da kitson shuku. Ba mu muka fara ba. Hank Willis Thomas na Amurka ya goge rubutu daga tallace-tallacen da aka yi wa baƙar fata tsakanin 1968 da 2008, ya bar hotunan tsirara domin mai kallo ya ga abin da ake sayar masa. Wangechi Mutu ƴar Kenya kuwa da yankakkun mujallun kwalliya take haɗa siffofin mata.

Amma mu muna da abin da za mu sa a gurbin abin da muka yanke. A arewa da mu, wajen Bermo, samarin Woɗaaɓe na shafa jar ƙasa da kwalli lokacin Gerewol, kuma babu wanda ya taɓa buga musu kwali. Hausa ma ta tanadi yabo ga kowane launi, daga wankan tarwaɗa har baƙi mai sheƙi.

Côte d'Ivoire ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. Doka na iya rufe shago, amma ba ta gyara ido. Yarinyar da ta taɓa yanke wannan fuska da hannunta ta riga ta gane cewa takarda ce.